Azumin da Muka Ce Mata Lafiya Lau

Azumin bana ya same ni ina bin lungunan Jakara da waya a hannu, ina tambayar mutane ra'ayinsu game da al'amuran duniya. Wata cibiyar bincike ce ta ɗauki wasu daga cikinmu da muka gama karatun hulɗar ƙasa da ƙasa muka zauna ba aiki, ta ba mu jerin tambayoyi da aikin mako uku. Ana so a san yadda mutanen cikin birni suke kallon manyan biranen duniya: wanne suke sha'awa, wanne suke tsoro, wace ƙasa suka ɗauka aminiya. Kowace tambaya tana da amsoshi biyar da aka riga aka tanada. Nawa kawai in karanta, in danna.

Zafi ya sauka da wuri bana. Kafin azahar katangun lungu sun ɗauki rana suna mayar da ita a fuskar mai wucewa, mutane kuma suna amsa mini a gajarce, domin kowa yana tattalin yawun bakinsa. Ranar goma sha biyu ga wata, bayan la'asar, na yi sallama a wani zaure na tarar da wani dattijo a kishingiɗe kan buzu, ya jiƙa tawul ya ɗora a ka. Ya yarda zai amsa. Muka yi ta tafiya lafiya har muka iso tambaya ta goma sha bakwai, wadda ke cewa: idan hukumomin wani babban birni suka ba baƙin da ba su da takardar zama wa'adi su fice, shin ya dace baƙin su koma ƙasashensu?

Na karanta masa amsoshin biyar. Ya ɗaga tawul ɗin ya dube ni.

"Su koma su ci me, ɗan nan?"

"Baba, babu wannan a cikin amsoshin."

"To, ka gaya wa masu amsoshin su ƙara ta."

Na danna masa "ba ni da ra'ayi", na yi godiya na fito. A bakin lungun na tsaya na jingina da katanga mai zafi na daɗe ban motsa ba. Na taɓa jin waɗannan kalmomi, kusan a wannan jeri nasu, daga bakin kawuna, a wani azumi da ya shige shekara goma sha wani abu.

Ina da shekara goma sha uku a lokacin. Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Mahaifiyata ta tafi Umara shekara huɗu kafin nan ba ta dawo ba; ta zauna a Jidda tana aikatau a gidan wasu mutane, kamar yadda mata da dama na unguwarmu suka yi. Ni ne ɗanta na fari, kuma ni kaɗai ne. Ita ma 'yar fari ce a wurin kakata Inna, wadda ta riƙe ni. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta kiran sunan mahaifiyata, ba ta nuna kewarta a gaban kowa, ita ma mahaifiyata haka take yi mini. Ni kuwa Yaya nake ce mata, domin haka na buɗe ido na ji ƙaninta Kawu Sule yana kiranta. Mu biyu ne a gidan, ni da Inna. Kawu yana da rumfar kayan yaji a Kasuwar Kurmi, yakan biyo ta wurinmu da yamma kafin ya wuce wurin iyalinsa a Ƙofar Dawanau.

Wayar hannu ta riga ta shigo gari, amma Yaya ba ta da tata. Sai ta sami aron ta wata abokiyar aikinta take kiran lambar Kawu, kuma kafin a gama ina wuni, ina gajiya, yaya mutan gida, yaya ruwa, kiran ya yanke. Saboda haka duk wata magana mai nauyi a kaset ake yin ta. Maƙwabcinmu Alhaji Ɗanlami yana fatauci tsakanin Kano da Jidda, shi ne mai ɗaukar sallahun unguwa. Yakan tafi da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kaset, ya dawo da dabino da turare da wani kaset ɗin, da ɗan abin da Yaya ta tara, wanda da shi muke cin tuwo.

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar marka. Ban sake ganin ruwa irin wannan ba. Ba mai tsawa ba ne da zai zo ya wuce. Yayyafi ne mai naci da yakan kwana ya wuni, sararin sama ya yi toka-toka har mutum ya kasa gane hantsi da la'asar. Ƙishirwa ba ta dame mu ba, yunwa ce ta dame mu, irin wadda sanyin ruwa ke kaifafawa. Tsohon hatsi ya ƙare a hannun mutane, sabo yana gona bai nuna ba. Inna takan auna gero da ƙaramin ludayi, ta dube shi, ta rage kaɗan ta mayar a tukunya. Itacen da muke saya jiƙaƙƙe ne, sai ya cika tsakar gida da hayaƙi kafin ya yarda ya kama. Aikina ne in durƙusa in yi ta hura murhu tun bayan la'asar, idanuna suna zubar da ruwa, Inna tana tsokanata.

"Maigida, kuka kake yi tun ban sa maka kishi ba?"

Haka take kirana, maigida, irin wasan kaka da jika. Mukan sha ruwa da kunun tsamiya wanda ya fi kusa da ruwa, sai kwaɗon tafasa ko na rama da ɗan ƙuli. Ƙosai sai ranar Juma'a. Abin da ya rage a gindin tukunyar tuwo shi ne sahur ɗinmu. Rafin Jakara ya cika ya tumbatsa, warinsa yana shigowa har ɗaki, sauro kuma ya yi mana sansani. Rufin ɗakin Inna na azara ne, ya fara yoyo a wuri uku, muka jera kwanoni a ƙasa. Har yau idan na ji ɗigon ruwa a cikin kwanon sha, sai in ji yunwa.

A daren farko na watan Inna ta fara tari. Ta ce hayaƙi ne.

Muna da rediyo mai cin kaset, baƙa, wadda Yaya ta aiko da ita a shekararta ta farko. Saboda tsimin batir, sau biyu ake kunna ta a rana: da hantsi don labaran duniya, da yamma don tafsiri. Ranar biyar ga azumi muna zaune a rumfa, Inna tana tsince tsakuwa daga gero, mai karanta labarai ya ce hukumomin ƙasar da Yaya take sun ba duk baƙin da ba su da takardar zama wa'adi. Wanda ya kai kansa kafin ƙarshen watan da ke bin Sallah za a bar shi ya tafi gida ba hukunci, amma ba zai sake komawa ba sai bayan shekaru. Wanda ya ƙi, duk abin da ya same shi shi ya so.

Hannun Inna ya tsaya a cikin faifan. Da aka shiga labarin wasanni ta ce in kashe.

Kafin la'asar maganar ta cika unguwa, domin da wuya ka ƙirga gida biyar a layinmu ba ka sami mai ɗa ko 'ya ko ƙanwa a can ba. Akwai dakali a ƙofar gidan Alhaji Ɗanlami, mai rumfar kwano, inda dattawa ke jiran magariba. A nan ake yanke wa duniya hukunci. Shugaban majalisar, ba tare da kowa ya naɗa shi ba, shi ne Baba Audu wanzami, mutumin da bai taɓa wuce Wudil ba amma ya san titunan Landan da Alƙahira kamar lungun gidansu. Nakan zauna a gefen Kawu in saurara, kuma ina jin daga wannan dakali na ɗauko sha'awar karatun da na yi daga baya.

"Barazana ce kawai," in ji Baba Audu. "Ku bar ni da mutanen nan. Idan suka kori bayin Allah, wa zai yi musu wanke-wanke? Su da ko shayi ba sa iya haɗa wa kansu?"

"Kai ka sha shayin nasu ne?" in ji Alhaji Ɗanlami.

"Sai na sha? Kai da kake zuwa me ka gano ban da filin jirgi da kasuwa?"

Aka yi dariya. Wani malamin makaranta ya ce kowace ƙasa tana da ikon tsara gidanta, mu ma a nan ba mu taɓa rasa masu cewa a kori baƙi ba. Aka taso masa, har wani ya tambaye shi ko an ba shi wakilcinsu ne. Wani ya ce laifin gwamnatinmu ne da ba ta aika jirgi ta kwaso mutanenta da mutunci. Wani ya ce idan aka kwaso su gaba ɗaya, rabin tukwanen Jakara za su kife. Alhaji Ɗanlami, wanda shi kaɗai ya san wurin da idonsa, ya fi kowa ƙarancin magana. Ya ce shi dai a wannan karon bai ga alamar wasa ba, kuma mace mai zaman gidan mutane, idan aka fara bincike, ba ta da wurin gudu.

A nan ne Kawu Sule ya ce, "To, su dawo su ci me?"

Aka kira salla.

Ba zan zargi Kawu ba. Yana da 'ya'ya biyar, kasuwa ta mutu saboda ruwa, barkononsa yana yin fumfuna a buhu. Ya san idan Yaya ta dawo, baki uku ne za su koma wuyansa. Abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma kowa a dakalin ya san gaskiya ne.

Inna ba ta taɓa faɗin nata ra'ayin ba. Amma washegari ta sa ni na buɗe ɗakin Yaya, wanda ke rufe tun tafiyarta, muka share shi, muka kakkaɓe saƙar gizo-gizo, muka fito da tabarmi muna jiran ranar da za a sami rana. Na tambaye ta dalili, ta ce ɗaki idan ya daɗe a rufe lalacewa yake yi. Kowace safiya kuma, idan an gama labarai, takan ce, "Me suka ce game da mutanen can?" alhali tare muka saurara. Ba ta taɓa cewa "game da ita" ba.

Ranar tara ga wata katangar bayan gidanmu ta zauna. Ba ta faɗi da ƙara ba, jiƙewa ta yi har ta gaji, ta sulale ta zama tudun laka, gidanmu ya buɗe wa lungu. Maza na layinmu suka taru da safe, kowa da azumi a bakinsa, suka kafa itatuwa suka ɗaura zana da tsofaffin buhuna, domin ba a gini a cikin marka. Baba Audu yana riƙe da igiya yana bayyana yadda ake gina katanga a ƙasar Sin. Ni ina miƙa buhuna. Inna tana daga ɗaki tana sa albarka, tari yana katse mata addu'a. A ranar na fara ganin ta tofa wani abu a tsumma ta yi sauri ta ɓoye a ƙarƙashin filo.

Alhaji Ɗanlami zai tashi ranar goma sha bakwai, don ya sami goman ƙarshe a can. Aka sa ranar goma sha biyar don ɗaukar kaset. Kowa ya san wannan kaset ba irin na kullum ba ne. Yaya ta kira Kawu sau ɗaya bayan sanarwar, abin da ta iya faɗa kafin a yanke shi ne, "Ku yi shawara, abin da kuka ce shi zan yi."

Ni ne mai kula da rediyon, domin ni na san maɓallan. Na sayo sababbin batura, na gwada kaset ɗin, na juya shi da biro har farkonsa. Muka zauna a ɗakin Inna bayan azahar, ni da ita da Kawu, ana yayyafi. Kafin in danna, Inna ta kafa doka.

"Ba maganar katanga, ba maganar tari. Wanda yake uwa duniya ba a ɗora masa damuwar gida. Ka ji ni, Sule?"

"Na ji, Inna."

"Kai kuma maigida, ka kwashe kwanonin nan, kada ta ji ɗigo."

Na kwashe kwanonin na shimfiɗa tsummoki a wurinsu, ruwan ya koma sauka shiru. Aka kuma yi yarjejeniya cewa idan tari ya taso wa Inna za ta ɗaga hannu, ni kuma in tsayar da ɗauka har ya lafa.

Inna ce ta fara. Ta yi sallama, ta ce tana gaida mutanen gidan da ake zaune, tana gaida abokan zama, tana gaida duk wanda ya san mu. Ta ba da labarin wanda ya yi aure da wadda ta haihu. Ta ce damina ta yi albarka, ana sa ran hatsi. Ta ɗaga hannu, na danna, ta yi tari har ta dafa bango, ta sha iska, ta sauke hannu, na sake dannawa. Haka muka yi ta yi. Na yi aikina da kyau ƙwarai. Ko sau ɗaya ban bari tarin ya shiga ba. A lokacin ina alfahari da hakan. Game da wa'adin, abin da ta ce kawai shi ne, "Maganar da ake yi kuma, Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Kawu ya karɓa. Ya yi magana mai tsawo, ya kawo hujjojin dakali ɗaya bayan ɗaya, har da na shayin Baba Audu. Ya ce a ganinsa ta lallaɓa ta zauna, ta rage fita, abin zai wuce kamar yadda na baya suka wuce. Ya ce gida lafiya lau, ba abin da aka rasa. Da ya gama ya duba agogo ya ce ya bar rumfa a hannun maƙwabci, ya saka takalmansa ya fita.

Muka rage ni da Inna, da sauran kaset kamar na minti biyar.

Ta daɗe tana kallon ƙofar da Kawu ya bi. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Maigida, saura kai."

"Na shirya, Inna."

"Ka san yaro ba ya laifi. Duk abin da ya zo bakinka ka faɗa mata. Ba mai yi maka faɗa. Ni ma nan toshe kunnena zan yi."

Yau na san abin da take roƙo. Ita ba za ta iya ce wa 'yar farinta ta dawo ba. Bakinta ba zai iya ɗaukar wannan ba ko da za ta mutu, kuma ga shi mutuwar take yi. Ta kafa dokar da ta ɗaure kowa, sannan ta kwance ni ni kaɗai. Amma ni a lokacin ɗalibi ne da ya fi kowa iya rubuta wasiƙa a ajinsu, kuma na kwana uku ina tsara gaisuwata a takarda, ina gyara ta, don Yaya ta ji cewa ɗanta ya yi ilimi. A cikin ƙirjina akwai kalma biyu da suka shekara huɗu suna jira. A cikin aljihuna akwai takarda. Na ciro takardar.

Na danna, na gyara murya, na karanta. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya kamar yadda muke a nan lafiya. Na sanar da ita cewa na zo na biyu a jarrabawa, na kai izu ashirin, kuma ina yi wa Inna biyayya. Na roƙe ta ta sa ni a addu'a idan ta je Harami. Na rufe da cewa, naki mai biyayya. Ban yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba.

Na ɗaga kai ina jiran yabo. Inna tana kallona.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

Kaset yana ta juyawa, yana ɗaukar shirunmu. Ta ba ni lokaci, na tabbata ta ba ni, domin na ji yayyafi a kan zana, na ji wani mai tallar gawayi ya wuce ta lungu. Sannan ta ce, "To. Kashe."

Na rubuta sunan Yaya a jikin kaset ɗin da kyakkyawan rubutu, Inna ta ƙulle shi cikin leda tare da daddawa da kuka, na kai wa Alhaji Ɗanlami.

Sauran azumin ya wuce a hankali. Ruwa ya fara tsagaitawa, muka sami rana muka shanya tabarmin Yaya, Inna ta sa na mayar da su na shimfiɗa. Ta daina iya azumi a goman ƙarshe, ta ce bashi ne za ta rama idan ta warke. Ni kaɗai nake shan ruwa, ita tana kwance tana kallona, tana cewa in ƙara kunu, ita ta ƙoshi. Gidan ya yi shiru irin wanda ban san da shi ba. Da Sallah na je idi tare da Kawu, na dawo na tarar ta sa an jingina ta da bango tana fuskantar ƙofa.

Alhaji Ɗanlami ya dawo kwana tara bayan Sallah. Shi kaɗai ya dawo. Ya kawo dabino da atamfa da kaset.

Muka kunna da yamma, mu uku, ni da Inna da Kawu. Muryar Yaya ta fito, siririya, da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki a bayanta. Ta gaida Inna, ta gaida Kawu da matarsa da 'ya'yansa kowa da sunansa, ta gaida Baba Audu, ta gaida mai kokon bakin layi. Can wajen ƙarshe ta ce, "A gaida yaron nan, an ji karatu, Allah Ya ƙara basira." Sannan ta ce, "Maganar tahowa kuma, da har na ɗaure kayana. To, tunda na ji kowa lafiya, ba abin da ya taso, na kwance. Allah Ya sa hakan ne alheri."

Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi." Inna ta ce a ba ta ruwa. Da dare ya yi ta ce in rufe ɗakin can, sauro yana shiga.

Inna ta rasu da kaka, a makon da sabon gero ya shigo kasuwa ya yi araha. A waya aka gaya wa Yaya, a cikin minti biyu na aro. Wa'adi ya riga ya wuce, fita ta zama haɗari, ba ta sami zuwa ko zaman makoki ba. Na koma gidan Kawu. Sai bayan shekara uku aka kwaso su a jirgi, ita da wasu mata, ta sauka da jaka ɗaya. Ta buɗe gidan Jakara, ta sa aka tayar da katangar da bulo, na dawo wurinta. Tun daga lokacin muke zaune tare, mu biyu, cikin ladabi da kyautatawa. Ba mu taɓa yin maganar kaset ɗin ba. Har yau ba ta kiran sunana, har yau Yaya nake ce mata.

Yanzu ba mai aika kaset. Matan layinmu suna ganin fuskokin 'ya'yansu da ke Jidda da Dubai a waya kowace rana, kuma na lura kafin su amsa kiran sukan gyara ɗaurin ɗankwali su juya bayansu ga bangon da ya fi kyau. Dakalin Alhaji Ɗanlami yana nan, Baba Audu ne babu.

A ranar da dattijon nan ya ba ni amsar da ba ta cikin jeri, ban ƙara shiga wani gida ba. Na dawo da wuri. Na tarar da Yaya a tsakar gida tana dama kunu, zufa tana bin wuyanta, ta jera dabino uku-uku a ƙananan faranti biyu. Na zauna a bakin rumfa, nesa kaɗan, kamar kullum.

"Yau an dawo da wuri," ta faɗa wa tukunyar.

Na ce akwai wata tambaya da ta hana ni ci gaba. Ban san abin da ya sa ba, na ciro wayar na karanta mata ita, da amsoshinta biyar, da muryar aiki. Ta ci gaba da damawa.

"Goma sha ɗaya," in ji ta.

"Na'am?"

"Sau goma sha ɗaya aka tsayar da kaset ɗin nan a cikin maganar Inna. Ƙas, ƙas. Ina da kunne ai. Kullum idan na gama aiki sai na saurara, har ya tsinke. Na san akwai abin da ake rufewa." Ta ɗaga ludayin ta duba kaurin kunun. "Amma mutum ba ya kwaso ƙafa ya dawo saboda ƙas. Sai an ce masa ya zo. Na yi ta sauraron shirun nan na ƙarshe, bayan an gama karatu. Na ce ko akwai saura."

Ba zargi a muryarta. Da akwai, da ya fi mini sauƙi.

Ladan ya gyara lasifika a masallacin layi, muka ji hucinsa. Na dubi katangar bulo, na dubi ƙofar ɗakin Inna. Ina da digiri a kan yadda ƙasashe ke magana da juna, kuma a rayuwata ban taɓa furta jimlar da ban tsara ta tun da fari ba. Wannan ban tsara ta ba.

Na ce, "Yaya, ki dawo gida."

Hannunta ya tsaya a kan ludayin, daidai yadda na Inna ya tsaya a cikin faifai. Ba ta dube ni ba. Aka kira salla. Ta zuba kunu a kofi, ta taso da kanta, abin da ba ta saba yi ba, ta tako har bakin rumfa ta ajiye a gabana. Maimakon ta koma wurin tukunya, sai ta zauna a ƙarshen tabarmar da nake kai.

"Sha," in ji ta, "kada ya huce."